Gigin Tsufa da Alƙalamin Hisabi

A ƙauyukan Magarya da Dungas, da zarar gero ya shiga rumbu maza sun tsallaka Najeriya cin rani, kula da tsoho sai ya faɗa hannun mata, galibi matar ɗa. Ita ce ke fara ganin canjin. Gwaggon da ta shekara saba'in ba a taɓa jin ashar a bakinta ba, sai ga ta tana ɗura wa jikoki. Ta tura kuɗinta ƙarƙashin tabarma ta manta, ta kwance bakin zani ta ga wayam, ta rantse matar ɗanta ce ta sace. Baba ya yi azahar sau uku, ko ya bar salla ɗungurungum, in magariba ta kawo jiki ya ɗauki sanda ya ce gida zai tafi, alhali a zauren da ya gina da hannunsa yake zaune. Wa ke magana a nan, shi ne ko ciwo?

Masu cewa shi ne suna kafa hujja da cewa hali zanen dutse ne, abin da ya fito dama yana ciki, tsufa kawai ya yaye mayafi. Hujjar ba ta da ƙwari. Babu mahalukin da zagi da zargi ba sa ɗarsuwa a zuciyarsa. Mutumin kirki shi ne mai haɗiye su, kuma haɗiyewar nan aiki ne na sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ciwon ke cinyewa a hankali. In linzami ya tsinke doki ya ruga, ba a cewa mahayi ya nuna halinsa. Matar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya yi bayanin irin wannan ciwo a kanta a 1906, zargin mijinta na cikin alamun da suka fara bayyana gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Zargin sata da yawon magariba kusan iri ɗaya ne daga Jamus zuwa Damagaram, kuma da wuya a ce duk tsofaffin nan halinsu ɗaya, ko aljani ɗaya ya shafe su.

Addini ya riga likita yanke hukunci. Duk almajirin da ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san hankali sharaɗi ne na wajabcin ibada, kuma an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Alƙur'ani, a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, ya ambaci shekarun da sani ke kuɓuce wa mutum bayan ya mallake shi, ya sa su cikin matakan halitta, bai kira su azaba ba. Wani zai ce ai ayyuka da cikawa ake auna su, tsohon da ya mutu ba salla yana zage-zage ina makomarsa? Tsoron gaskiya ne, yana hana 'ya'ya barci. Amma ba a ɗauke alƙalami sannan a rubuta da shi. Ƙarshen aikin mutum shi ne inda hankalinsa ya tsaya, ko da numfashi ya ƙara shekara biyar.

Ke nan alƙalamin yana kan masu hankalin gidan: wanda ya ɗaure tsoho a turke, wanda ya raɗa wa tsohuwa maita don ta fita tsakar dare tana sambatu, da ɗan da ya dawo daga Kano ya gaskata zargin uwa ya saki matar da ta kwana wankin fitsarinta. Ba a hana addu'a ko rubutun sha ba, amma a haɗa da likita, domin ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana biyu sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, kuma waɗannan suna jin magani. Hawan jini ma, wanda ke kashe ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, awonsa ba ya cin minti biyar a asibitin Magarya.