Miji Marar Iri da Wuƙar Likita: Ina Iyakar Magani?

Idan aure ya shekara biyar ba a ji kukan jariri ba, mace ake nuna wa yatsa. Ita ake kai wa gidan mai magani, ita ake yi wa habaici a gaban surukai, har dangi su fara raɗa wa miji ya nemi wata. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa sau da yawa matsalar tana wajen namiji ne. Kimanin namiji 1 cikin 100, in aka auna maniyyinsa, ba a ganin ƙwayar haihuwa ko ɗaya. Wani hanyar ce ta toshe, sau da yawa saboda ciwon sanyi da bai sami magani da wuri ba. Wani kuwa marainansa ne ba su yin irin sosai, kamar yadda hangum kan jawo in ya kama mutum bayan ya balaga.

A dā, irin wannan mutum sai haƙuri. A shekarar 1992 likitoci a birnin Burasels na ƙasar Beljiyam, cikinsu har da Gianpiero Palermo, suka ba da labarin jarirai na farko da aka samu ta hanyar tsotso ƙwayar namiji guda ɗaya tak da siririyar allura, a cusa ta cikin ƙwan mace a ɗakin gwaji. Tunda ƙwaya ɗaya ta isa, sai aka koma nemanta a tushenta. A 1999 Peter Schlegel a Amurka ya bayyana tiyatar da ake buɗe maraina, a duba da madubi mai ƙara girman abu, a tsinto 'yan ƙwayoyin da suka ɓuya. Akan same su a wajen kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin. Wannan gwaninta ce, babu musu.

To, ga tambayar da mai hankali zai yi: irin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, ba baƙo a tsakani, ba zina. Ina laifin?

Ikkilisiya ta amsa a takardar Donum Vitae ta 1987, ta kuma ambaci wannan allura da sunanta a Dignitas Personae ta 2008, ta ce bai halatta ba. Dalilinta biyu ne, nauyinsu a kunnen jama'a kuwa ba ɗaya ba ne. Na fari kowa yana iya ganewa. Ba ƙwai ɗaya ake haɗawa ba, da yawa ne. A zaɓi tayi ɗaya ko biyu a sa cikin mahaifa, sauran a daskarar da su cikin sanyin da ya kai awo 196 ƙasa da sifiri, wasu a zubar. Mu da muka gaskata rai yana farawa tun daga ɗaukar ciki, waɗannan 'ya'ya ne, ƙannen wanda ake goyo. Wa zai amsa tambaya a kansu?

Na biyu ya fi wuyar haɗiya, ba zan ɓoye muku ba. Ko da tayi ɗaya kaɗai aka yi, ba a zubar da kome ba, Ikkilisiya tana koyar da cewa ya cancanci ɗa ya fito daga haɗuwar miji da mata, inda kowannensu ya ba da kansa ga ɗan'uwansa. In aikin ya koma hannun ma'aikacin ɗakin gwaji, shi ke zaɓen ƙwaya, shi ke yanke wanda ya isa ya rayu. Abin da ya kamata a karɓa kyauta ya zama abin da aka yi oda, abin oda kuwa akan duba shi, a mayar in bai yi ba. Mutumin da ya shekara goma yana jin ana kiran sa'o'insa baban wane zai ce wannan tunanin masana ne. Ina jin zafinsa, amma ban ga inda hujjar ta karye ba.

Sai dai a lura: wuƙar likita ba ita ce abin ƙi ba. Ƙa'idar ita ce magani ya taimaki saduwar aure, kada ya maye gurbinta. Tiyatar buɗe hanyar da ta toshe, gyaran jijiyoyin maraina da suka kumbura, allurar sinadaran jiki ga wanda nasa suka gaza, har yankan ɗan nama don a san ainihin ciwon, duk halal ne, wasu kuma sun haihu ta nan. Yaron da aka riga aka haifa ta ɗakin gwaji kuwa ɗan Allah ne cikakke, a kawo shi baftisma kamar kowa, kada wani a majami'a ya yi masa kallon banza.

Awon namiji ya fi na mace sauƙi da araha nesa ba kusa ba, akwai kuma hanyar tara maniyyin a cikin saduwar aure wadda ba ta saɓa wa lamiri. Saboda haka miji ya fara zuwa asibiti tare da matarsa, in sakamako ya fito kuma, shi da bakinsa ya faɗa wa mahaifiyarsa.