Amanar Ji da Batirin Na'urar Kunne

Shin tawakkali ne mutum ya cusa wa na'urar jinsa duk batirin da ya samu? Malaman Musulunci suna ɗaukar ji a matsayin amana, riƙonta kuwa sai da bin sababi.

Baturan da ake canzawa iri 4 ne, kowanne da launinsa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan goro, 675 shuɗi. Iska ke tayar da su, don haka ake ɓare takardar da ke manne a jikinsu, a ɗan jira kafin a saka. 

Dattijon da na'urarsa ta mutu, yana cikin sahu huɗubar Juma'a za ta wuce shi. 'Ya'yansa su duba lambar batirin kafin su biya kuɗi.