Shin Allah ne ke sa cuta? Kuma in liman ya yi kure a kan mumbari fa?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai rayawa, Mai kashewa, Mai saukar da cuta tare da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku samari da 'yan matan zango, na gida da na Turai, tambaya biyu ce ta iso mana a ƙulle wuri guda daga 'yan'uwanmu mazauna Mancesta da Bamingam a ƙasar Ingila. Ta farko: shin Allah ne ke sa wa bawa cuta, kuma in haka ne, kowane marar lafiya horo yake sha saboda zunubinsa? Ta biyu: in mai huɗuba ya faɗi haka a kan mumbari, alhali a cikin sahu akwai wanda ya baro mahaifiyarsa a gadon asibiti, ya halatta mutum ya miƙe nan take ya ce a'a?

Mun san inda wannan tambaya ta samo tushe. A farkon 2020, da cutar korona ta ɓulla a ƙasar Sin, saƙonni sun yi ta yawo a WhatsApp cewa azaba ce Allah ya saukar wa Sinawa saboda zaluncin da suke yi wa Musulmin Uigur. Da yawa daga cikinmu sun tura wa wasu, suna kabbara. Ba a yi wata uku ba sai ga shi likitoci huɗu na farko da cutar ta kashe a Birtaniya duka Musulmi ne. Cikinsu har da Dakta Alfa Sa'adu, ɗan Pategi a Nijeriya, wanda ya rasu ranar 31 ga Maris 2020 yana da shekara 68, ya riga ya yi ritaya amma bai daina duba marasa lafiya ba. A watan Afrilu, masallacin Ghamkol Sharif da ke unguwar Small Heath a Bamingam sai da ya kafa wurin ajiye gawa na wucin gadi a filin ajiye motocinsa. A Mancesta kuwa, daren jajibirin Babbar Salla, 30 ga Yuli 2020, gwamnati ta hana ziyara tsakanin gida da gida. Wanda ya tura saƙon azaba a watan Janairu, me zai ce da waɗannan gawarwaki?

Amsar sashen farko ba ta da kwana-kwana. Eh, Allah ne. Babu ƙwayar cutar da ke shiga jini, babu jijiyar da ke toshewa, sai da saninsa da ƙaddararsa. Wanda ya ce lafiya daga Allah take amma cuta daga wani mahalicci dabam, ya taɓa tauhidinsa, domin imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi rukuni ne. To amma ku duba ladabin Annabi Ibrahim (AS) a Suratush Shu'ara, aya ta 80: da ya zo kan rashin lafiya sai ya jingina ta ga kansa, da ya zo kan waraka sai ya jingina ta ga Ubangijinsa. Annabi Ayuba (AS) ma a Suratul Anbiya haka ya yi. Ya kai kukan cutar da ta shafe shi, ya ambaci jinƙan Allah, bai ɗora wa kowa laifi ba.

Inda kuren yake shi ne a tsallaka daga "Allah ne ya ƙaddara" zuwa "na san dalilin da ya sa ya ƙaddara wa wane". Na farko imani ne. Na biyu da'awar sanin gaibu ce. Gaskiya ne Suratush Shura, aya ta 30, ta danganta musiba da abin da hannayen mutane suka aikata, kuma ta ce Allah yana yafe da yawa. Wannan aya madubi ce da kowannenmu zai duba kansa a ciki. Ba sanda ce da za a ɗauka a nuna gadon wani ba. Hadisin Nana A'isha (RA) a cikin Bukhari ya nuna annoba guda tana iya zama azaba ga wani, ta zama rahama da ladan shahada ga mumini mai haƙuri. Wa ya ba malam takardar da aka jera sunayen waɗannan da na waɗancan? Annabi (SAW) da kansa zazzaɓinsa kamar na mutum biyu yake, kamar yadda Ibn Mas'ud ya ruwaito. Bilal da Abubakar sun kwanta masassara da isarsu Madina. Ga kuma baƙar matar nan mai farfaɗiya wadda Ibn Abbas yake nuna wa almajirinsa a matsayin 'yar Aljanna. Da a wata unguwarmu take, da tuni an ce aljanu ne suka aure ta, ko uwarta ce ta ci amanar wani.

Kuma Allah yana gudanar da ƙaddararsa ne ta hanyar sababi, sababin nan kuwa ana iya saninsa. Rahoton hukumar lafiyar jama'a ta Ingila na Yuni 2020 ya nuna haɗarin mutuwa da korona ga 'yan asalin Bangaladesh ya kai kusan ninki biyu na Turawan ƙasar. Dalilan da aka yi ta tattaunawa a kai ba ɓoyayyu ba ne: kaka da jika a gida ɗaya mai ƙunci, aikin tasi da na kula da tsofaffi wanda ba a yin sa daga ɗaki, ga ciwon sukari. Haka sikila, wadda muka sani tun daga Nima da Aboabo har Moss Side. In uba da uwa duka AS ne, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan lissafi ne, ba tsinuwa ba. Saurayin da ya je gwajin jini kafin a kai goro bai yi wa ƙaddara tawaye ba, ya ɗaure raƙuminsa ne.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne tambayoyin nan biyu sun taɓa haɗuwa wuri guda tun zamanin sahabbai, a annobar Amwas da ta auka wa ƙasar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, wajen 639, wadda masu tarihi suka ce ta ci mutum kusan 25,000. Sayyidina Umar (RA) ya taso daga Madina, da ya isa Sarg aka gaya masa halin da ake ciki. Ya yi shawara, ya yanke a koma. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi a gaban jama'a ko gudun ƙaddarar Allah ake yi. Umar bai kore shi ba, bai ce ya raina Halifa ba. Ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayi da ke gaban kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk wanda ya kora raƙumansa ciki, da ƙaddarar Allah ya kora. Sannan Abdurrahman bin Auf ya iso da hadisin da ya hana shiga garin annoba da fita daga cikinsa.

Abu Ubaida ya rasu a wannan annoba, Mu'azu bin Jabal da ya gaje shi ya bi bayansa. Da jagoranci ya koma hannun Amru bin As sai ya miƙe ya yi wa mutane jawabi, ya kwatanta cutar da wuta mai ci, ya ce a watse cikin duwatsu. Nan take wani sahabi ya ƙaryata shi a gaban kowa, har ya haɗa shi da jaki. Wata ruwaya ta Imam Ahmad ta ce Abu Wasila ne, wata ta ce Shurahbil bin Hasana. Amru ya ce ba zai mayar masa da martani ba, amma ba za a zauna ba. Aka watse, Allah ya yaye cutar, labari ya je wa Umar bai ƙi ba. Ku lura da kyau, a wannan karon mai tsayawa a gaba shi ne da gaskiya, mai katse shi cikin zafin kishin addini shi ne ra'ayinsa bai ci ba. Ba duk wanda jininsa ya tafasa a cikin sahu ne ke kan daidai ba.

To, yanzu ga hukuncin. Huɗubar Juma'a ba taron siyasa ba ce. Hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya nuna ko cewa na kusa da kai ya yi shiru, liman yana huɗuba, yasasshen zance ne. In haka ne ga kalma ɗaya ta gyara, ina ga muhawara da ɗaga murya? Ko a cikin salla, inda kuskuren liman ya shafi kowa, Shari'a ba ta bar abin kara zube ba: in ya yi mantuwa a yi masa tasbihi, in karatu ya sarƙe masa a buɗa masa ayar, shi ke nan. Gyara ne gajere, wanda ke taimakon salla ta ci gaba, ba wanda ke rushe ta ba.

Amma kada wani ya ɗauki wannan ya ce malami ba a gyara masa a fili har abada. Zul-Yadaini ya tambayi Annabi (SAW) a cikin masallaci, bayan ya sallame a raka'a biyu, ko an rage salla ne ko mantawa aka yi, manyan sahabbai suna zaune sun yi shiru, kuma Annabi ya tashi ya cika. Marwan bin Hakam ya fara huɗuba kafin sallar Idi, wani mutum ya miƙe ya ce salla ce a gaba, Abu Sa'id al-Khudri ya ce wannan ya sauke nauyin da ke kansa. A nan ne ya karanto hadisin sauya abin ƙi da hannu ko harshe ko zuciya, kamar yadda yake a Muslim. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya toge halin da mai huɗuba ya bar huɗuba ya shiga yasasshen zance, masu sharhi suka ba da misali da zagin wanda bai halatta a zaga ba. Wannan togiya ta ɗauke wajibcin saurare ne, ba ta mai da masallaci fagen dambe ba.

Ga abin da muke gani. In mai huɗuba ya ce cuta tana iya zama sakamakon zunubi, ya kira mu ga tuba, bai yi laifi ba, ko da maganar ta yi mana ɗaci. In ya wuce nan ya yanke wa masu wata cuta hukuncin azaba, ko ya hana mutane magani, to ya yi kure, kuma kuren yana iya cin rai. Mun gani a Kano a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Duk da haka ka riƙe bakinka har a sallame. Minti goma ba za su kashe gaskiya ba. Da an shafa addu'a, ka je wurinsa da sallama, ka ce: "Allah gafarta Malam, akwai wata magana da ban gane ba." Ka tafi da dalili, in da hali ka tafi da likita ko nas daga cikin jama'ar masallacin, don a biranen nan biyu ba su da wuyar samu. Usama bin Zaid ya nuna cewa yana yi wa Halifa Usman magana tsakaninsa da shi, ba sai mutane sun ji ba.

Sai dai a nan ne da yawa daga iyayenmu suke tsayawa, mu kuma muna ganin da sauran tafiya. Maganar da aka faɗa a lasifika, mutum ɗari biyar suka ji, ba a goge ta da raɗa a ofishin liman. Matar da ta koma gida tana ganin kansar da ke jikinta fushin Allah ce ba ta ji raɗar ba. Don haka abin da za ka roƙa shi ne a gyara daga mumbarin da aka faɗa, Juma'a mai zuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In ya ƙi, yawancin masallatan Ingila suna da kwamitin amintattu, kuma su ke ɗaukar liman aiki. A rubuta musu takarda, a sa hannu da suna. In rai na cikin haɗari a ranar, kamar an ce wa mutane su jefar da maganinsu, to ka nemi izini ka yi magana bayan sallama kafin jama'a su watse, jimla biyu ko uku, ba zagi, ba kiran kowa jahili.

Abu ɗaya muke roƙonku da shi: ku bar wayar a aljihu. Yankan bidiyo na daƙiƙa talatin a watsa a TikTok ba nasiha ba ce. A ƙasar da ɗan majalisa Craig Whittaker ya fito a rediyo ranar Salla ta 2020 yana cewa Musulmi da sauran tsiraru ba su ɗauki annobar da muhimmanci ba, kun san hannun da bidiyon zai faɗa. Kuma ku sani akwai dokar Ingila ta 1860 da ta mai da tayar da hargitsi a wurin ibada mai rajista laifi.

Ga malamanmu kuma, Allah ya ƙara muku daraja, mumbari yana iya abin da asibiti ba ya iyawa. Ranar 21 ga Janairu 2021 cibiyar Al-Abbas da ke Balsall Heath a Bamingam ta zama masallaci na farko a Birtaniya da aka buɗe wurin allurar rigakafin korona a cikinsa, limaminsa kuwa a lokacin Shaikh Nuru Mohammed ne, ɗan Gana. Masallacin 'yan Shi'a ne, mun san saɓanin da ke tsakani, amma a wannan aiki ba mu ga abin suka ba. A gida ma Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya miƙa hannunsa aka yi masa allurar a watan Maris na shekarar, yana da shekara sama da 100. In yaro ya zo muku bayan salla da tambaya, muryarsa tana rawa, ku zaunar da shi ku ji ta bakinsa, domin wataƙila daga ɗakin masu jinya ya taho.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.