SHIN MAGANI ƊAN INDIYA KAYAN SATA NE?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar Asabar bayan karatun Magariba, wani ɗan uwa mai kemis daga Faskari ya biyo ni har bakin ƙofa. Ya ce: "Malam, Allah Ya gafarta maka, akwai abin da ya hana ni sukuni. Ina ajiye magani kala biyu, na kamfanin Turai da ɗan Indiya. Sinadarinsu ɗaya, amma kuɗin na Turai ya ninka ɗayan sau da yawa. Yanzu wani ya ce mini Indiyawa satar fasaha suka yi, don haka kayan sata nake sayarwa. Kuma Malam ka san masu zuwa wurina: mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, wata da ƙyar take haɗa kuɗin allura ɗaya."

Na ba shi amsa a tsaye, amma na ga ya kamata in rubuta, don mai irin wannan tambaya ba shi kaɗai ba ne tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Da farko mu fahimci abin kafin mu yi masa hukunci. Idan kamfani ya gano sabon magani, hukuma tana ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira, wadda Larabawa ke kira bara'atul ikhtira'i. Ma'anarta, babu wanda zai yi wannan maganin ko ya sayar da shi sai da izininsa, har shekara 20. Haka yake a yarjejeniyar TRIPS ta Ƙungiyar Ciniki ta Duniya wadda ta fara aiki a 1995, kuma dokar Najeriya ta 1970 ita ma shekara 20 ta yanka. Hujjarsu ita ce binciken magani yana cin dukiya da shekaru, kuma da yawa daga abin da ake gwadawa ba ya kai labari. In kowa zai kwaikwaya washegari, wa zai sake zuba kuɗinsa?

Wannan hujja Shari'a ba ta yi watsi da ita ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙima ta dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Don haka masu cewa ai ilimi na Allah ne, kowa ya kwasa, su yi hattara. Ƙasa ma ta Allah ce, amma ba ka shiga gonar wani ka yanki dawarsa.

To amma fa mallaka a Musulunci tana da iyaka, kuma a nan ne na fi son mu tsaya.

Akwai babin da malamai ke kira ihtikari, wato riƙe abin da mutane ke buƙata har sai farashi ya tashi. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar bin Abdillah cewa Annabi (SAW) ya siffanta mai yin haka da mai saɓo. Wasu malamai sun taƙaita shi ga abinci, amma a wurin Imam Malik ya shafi duk abin da riƙe shi zai cutar da jama'a, haka ma Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa. Ina abin da ya kai magani? Mai jin yunwa zai iya barin shinkafa ya ci tuwon masara. Mai ciwon suga da jikinsa ya dogara da allurar insulin, me zai canza da shi?

Wani zai ce ai an roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina bai yi ba. Gaskiya ne, hadisin Anas ne. Amma wannan kasuwa ce a buɗe, kowa na iya kawo kayansa. Ibnu Taimiyya a littafinsa na Hisba ya bambance: idan aka keɓe sayar da wani abu ga wasu mutane sanannu, aka hana kowa in ba su ba, to wajibi ne a ƙayyade masu farashi na adalci. Wallahi duk sanda na karanta wurin nan sai in ga kamar takardar haƙƙin magani yake siffantawa. Hukuma ce ta rufe wa wasu ƙofa saboda kai, don haka hukumar tana da ikon ta ce maka ga iyakarka.

Duniya ma sai da ta sha wuya kafin ta zo nan. A wajen shekarar 2000, maganin ƙanjamau na mutum ɗaya a shekara ya kai dala dubu 10, mutane suna ta mutuwa a Afirka alhali maganin yana nan. Kamfanonin magani 39 suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu kotu saboda dokar da ta yi don samun magani mai sauƙi. A Fabrairun 2001 kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya ce zai bayar da haɗin magungunan a dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A Afrilu kamfanonin nan suka janye ƙararsu, a Nuwamba kuma aka fitar da sanarwar Doha, wadda ta tabbatar cewa ƙasa tana da ikon ba wani kamfani izinin yin magani ko da mai haƙƙin bai yarda ba, a biya shi ladan da ya dace. Ɗalibin fiƙihu ya san wannan tun tuni: tilasta wa mai riƙe kaya ya sayar da ƙimar kasuwa idan jama'a suka matsu.

Mu ma a gida muna da namu darasin. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin sikila mai suna Niprisan, daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace. A 2002 aka ba kamfanin Xechem na Amurka izinin yin sa shi kaɗai, aka fito da shi da sunan Nicosan a 2006. Da kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya yi ɓatan dabo a kasuwa, iyayen yara masu sikila suka rasa inda za su nufa. Ka ji illar ɗaure rayukan mutane a hannu ɗaya.

Sai dai mu yi adalci, kada mu ɗora wa takardar nan laifin da ba nata ba. Mafi yawan magungunan da ke gagarar mutanenmu, na zazzaɓi, na hawan jini, na kashe ƙwayoyin cuta, wa'adin haƙƙinsu ya ƙare da daɗewa. Abin shaƙa na masu fuka tsohon magani ne, amma kowa ya ga yadda kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi bayan darajar naira ta faɗi kuma kamfanin GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a Agustan 2023. Ga hanya ba tsaro, wanda zai ɗauko kaya daga Funtuwa ko Kano sai ya sa kuɗin kasadarsa. Ga kuma namu 'yan kasuwar da ke jin labarin kaya za su yanke, sai su kulle sito su jira. Wannan na ƙarshe ihtikari ne tsantsa, ba sai an je Turai neman mai laifi ba.

Yanzu ga amsarka, ɗan uwa. Maganin da wani kamfani ya sake yi bayan wa'adi ya ƙare, ko da izinin mai shi, ko da izinin hukuma, halal ne saye da sayarwa, babu ƙanshin sata a ciki. Indiya ma dokarta ta 1970 ba ta bayar da haƙƙi a kan shi kansa maganin ba sai a 2005, ka ga abin da suka yi kafin nan a ƙarƙashin dokar ƙasarsu suka yi shi. Abin da ke haramun shi ne jabu: garin alli a cikin kwali, ko maganin da aka rage wa ƙarfi, ko a buga sunan wani kamfani a kan abin da ba nasa ba. Wannan algus ne, kuma algus a magani yana iya zama kisa. Don haka ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka sayo daga inda ka amince.

Abu ɗaya na ƙara masa wanda bai tambaya ba. Idan mace ta miƙo maka takardar likita, ka san kana da mai sauƙi mai inganci a bayan kanta, kada ka yi shiru ka miƙa mata mai tsada don ribarsa ta fi. Ka faɗa mata akwai guda biyu, ga kuɗin kowanne. In likita ya rubuta wani suna takamaimai, ta koma ta tambaye shi ko za a iya canzawa, kada kai ka canza da kanka.

Ya ce: "To Malam, wanda na riga na saya da tsohon farashi fa, in sayar da sabo?" Wannan mas'ala ce daban, za mu ɗauke ta a karatun Asabar mai zuwa in sha Allah.

Wallahu a'alam.