Shiru-Shiru Ba Tsoro Ba Ne

A kowace unguwa ta Tambuwal ko Kebbe akan sami mutum guda wanda ba ya daɗewa a dandali. In an idar da sallar la'asar sai ya gaisa da jama'a, ya shige gida. Waɗansu su ce girman kai gare shi, waɗansu su ce mugun ciki. Shin laifi ya yi, ko kuwa halittarsa ce?

A 1921 wani likitan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya rubuta cewa mutane iri biyu ne: wanda hankalinsa ke fuskantar jama'a, da wanda nasa ke komawa cikin zuciyarsa. Na farin taro ke ƙara masa kuzari, na biyun kuwa taro gajiyad da shi ya ke yi. Aikin gari kuwa ba ya tafiya sai da su duka biyu. Dillali a kasuwar Tambuwal da bakinsa ya ke ci, amma ma'aji da maɗinkin hula da mai rubutun Alƙur'ani, surutu ɓata musu aiki ya ke yi.

Sai dai keɓewa tana da iyaka. A 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya ga son duniya ya shiga zukatan mutane, sai ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas da niyyar Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, suka roƙe shi ya koya musu. Bai ƙi ba. Can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana yadda a ke mulki da shari'a, sa'an nan ya komo gida. Ya rasu a 1829 a Gwandu, maƙwabciyar Tambuwal. Da ya juya musu baya, ko da su ba su tambaye shi ba, da an yi hasarar wannan ilmi.

Ashe hakki biyu ne. Mai shiru ba shi da ikon fakewa da halinsa ya ƙi gaisuwar mara lafiya, ko jana'izar maƙwabci, ko ya ɓoye gaskiya ran da a ke bukatarta. Jama'a kuma kada su auna hankalin mutum da yawan maganarsa. Hakimin da ya ke shawara da masu ɗaga murya kaɗai, rabin garinsa ya ji. In an taru, kowa ya faɗi tasa, ya kamata a juya wajen wanda ke zaune a gefe, a ce, “Malam, kai me ka gani?” Sa'an nan a yi haƙuri har ya amsa.