Jirgin Wasa da Hukuncin Sura

A Karaye yara na ƙera jirgin sama da ɓargon kara da gwangwani, ba malamin da ya taɓa tsawata musu. To, idan magidanci ne fa ya zauna ya ƙera ƙaramin samfurin L-39, jirgin da sojojin samanmu ke koyon tuƙi da shi a Kano, ya ɗora masa injin jet mai shan kananzir, yana sarrafa shi daga ƙasa da rimot?

Wani ɗalibin jami'ar Aliero ya tambaye ni ko wannan ya shiga hanin yin sura. A ganina bai shiga ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya yarje wa wani mai sana'ar zane ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Jirgi kuwa, komai rurinsa, ba shi da rai.

Ni inda na fi jinjinawa kuɗin ne. Injin kaɗai zai iya cinye ribar albasar ƙaramin manomi ta shekara guda, kuma kuskuren yatsa ɗaya ya isa ya mai da jirgin tarkace. Almubazzaranci ke nan? In don burge jama'a aka yi, e mana. Amma a 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero, ya haɗa helikofta da tarkacen motoci da babura, ta kuma ɗaga daga ƙasa. Ban ga dalilin kiran nasa ɓarna ba, ko da taku kaɗan ta tashi.