Hubusi Don Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya ɗauki Ishmawi a zaure ya san hukuncin ruwa: in najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko wari, ba a alwala da shi. Mun haddace wannan tun muna yara, amma ba mu cika tambayar wanda alhakin kare ruwan ya rataya a wuyansa ba.

A Kano kowa na iya ganin amsar da idonsa. Rafin Salanta yana kwaso ruwan masana'antun Sharaɗa ya zuba a kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin Getsi zuwa Jakara. Ruwan ya yi duhu, kumfa na taruwa a gefensa, warin ruɓaɓɓen ƙwai na tashi, ga masu lambu suna jan sa da injin ban ruwa zuwa latas da kabeji. Kamfanonin jima na zamani suna aiki da gishirin kuromiyam domin yana jeme fata cikin kwana guda, amma fatar ba ta shanye shi duka, ragowar sai ta bi kwata.

Majemanmu na gargajiya da bagaruwa suke jima, su rina da karan dafi, fatar har Turai ta kai ta hannun fataken Sahara. Sai dai bagaruwa tana cin lokaci, kuma fatarta ba ta jure zafi kamar ta kuromiyam. Yadda za a gyara wannan rauni ba tare da guba ba, aikin masana kimiyyar sinadarai ne. Paul Anastas da John Warner sun shimfiɗa ƙa'idoji 12 na kimiyyar sinadarai marar cutarwa a 1998, ta farkonsu kuwa ita ce gara a hana dattin samuwa da a zo ana kwashe shi. Muna da masu iya aikin: ga cibiyar NILEST ta binciken fata a Zariya, ga NARICT a Basawa, ga Jami'ar Bayero. Kuɗi ne ba ya isa. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikinsu ga bincike, Najeriya ba ta ko kusanta ba.

To, attajirin da ya ɗauki nauyin irin wannan bincike, sadaka ya yi? Ni ina ganin ya yi, har ma ya sauke wa jama'a wajibi. Imam Gazali a Ihya ya sanya likitanci da lissafi, har da noma da saƙa, cikin farilla kifaya, wadda in kowa ya bari kowa ya yi laifi. Garin da ke cin abinci da jima, ilmin jima marar cutarwa ya hau kansa.

Na san abin da ke sanyaya gwiwar mai bayarwa. Masallaci ana ganinsa, rijiyar burtsatse ana shan ruwanta a yi masa addu'a. Yaron da bai kamu da ciwo ba saboda an tsare kogi, ba zai taɓa sanin wanda ya taimake shi ba. Kuma bincike yana iya cin shekaru bai haifar da komai ba. Amma lada a kan niyya yake, gwajin da bai yi nasara ba ma yakan hutar da na baya bin hanyar da ba ta ɓullewa.

Wani zai ce wanda ya ɓata shi ya kamata ya biya. Gaskiya ne, sadakar wani ba ta wanke mai kamfani, dole hukuma ta matsa masa ya tace ruwansa. Zakka ma ban taɓa ta ba, masu cin ta takwas ne sanannu. Hubusi nake nufi, domin ƙofarsa a buɗe take. Hayar shaguna goma a Kantin Kwari, in an mayar da ita hubusi, za ta riƙa sayen kayan gwaji da biyan ɗaliban digiri na uku duk shekara. Ina roƙon malamanmu su zauna da masana sinadarai su duba mas'alar, Hukumar Zakka da Hubusi kuma ta buɗe asusun da za a zuba irin wannan kuɗi.